Deutschlandticket ya rage min kashe kuɗi wallahi

Duk wanda ya sauka Jamus kwanan nan, bayan haya kuɗin mota ne ke cinye albashi, shawarata ka yanki Deutschlandticket kawai, wato tikitin wata-wata na sufurin jama'a. An fara shi Mayun 2023 kan Yuro 49 a wata, Janairun 2025 ya koma 58, amma ni dai ban ga asara ba don da shi nake hawa bas da taram da jirgin ƙasa na yanki ko'ina a ƙasar, ba ruwana da lissafin shiyya. Sai dai fa ba ya aiki a ICE, wato jirgin ƙasa mai gudu na dogon zango, tafiya mai nisa ka yi ta canjin jirgi kenan har ka gaji. Kuma duk wata suke cire kuɗin da kansu, in za ka daina ka soke kafin 10 ga wata.