Bitirut da alayyafon Turawa: wanne ake iya ɗebe wa iri?

Malam, ka ce ka shuka su biyun a lambunka na fadama kusa da Kano, kana tambayar wanne za ka bari ya yi iri kamar yadda muke yi da alayyafonmu. A ƙasarmu duk biyun za su ba ka wahala, amma kowa da irin tasa matsalar.

Dangi ɗaya ne su, masana ma yanzu sun haɗa su gida guda da alayyafonmu. Sai dai shi namu ɗan zafi ne. Wata uku ya fid da kai, a yanke, a shanya a tabarma, a murza, a sheƙe a faifai, iri ya samu.

Bitirut kuwa shekara biyu yake ɗauka. Shekarar farko yana tara abinci ne a cikin jar saiwar nan da muke ci. Ba zai yi kara ya fid da fure ba sai ya sha sanyi na makonni da yawa a jere, kamar maki 5 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyos. Hunturunmu ba ya wadatar da shi, domin sanyin da ya sha da dare rana ce ke warware shi kafin azahar. Shi ya sa ko masu noma shi a Jos galibi irin kanti suke saye. Ka duba ƙwayarsa a tafin hannunka: mai kaushi ce kamar busasshen ƙullutu. Ba ƙwaya ɗaya ba ce, biyu ne zuwa biyar a manne, don haka rami ɗaya ke fid da tsiro uku. Dole a rage su, in ba haka ba saiwar ta tsaya ƙanana.

Alayyafon Turawa a shekara ɗaya yake gamawa, amma shi tsawon yini yake jira, wajen awa 14. Yininmu mafi tsawo a Kano bai cika awa 13 ba. Wannan ne ya sa yawancin irinsa da ake sayarwa a duniya daga Denmark yake fitowa, inda yinin bazara ke kai awa 17 kuma babu zafi, sai kuma jihar Washington ta Amurka. Ga wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: yana da mace da namiji kamar gwanda. Namijin ya riga yin fure ya bushe, macen ce ke ɗaukar iri. Wanda ya tumɓuke mazan da wuri don ya ga sun lalace, ya yi asarar irin gaba ɗaya. In zafin Maris ya tilasta masa yin kara a nan, abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba.

Duk biyun iska ce ke kai musu ƙurar fure, kuma bitirut na barbara da ɗan'uwansa da ake yin sukari da shi ko daga nesa.

Ni shawarata, ka sayi irinsu sabo, ka shuka a Nuwamba. Ragowar ka sa a kwalba mai murfi a wuri mai sanyi. Na bitirut yakan kai shekara huɗu, ɗayan ya fi saurin mutuwa. Fangalin da ka ware don iri kuwa, ka bar wa alayyafonmu.