Gargaɗi ga masu zuwa Peru: a kula da jabun ulun alpaka

Masu sha'awar tara kayan hannu idan sun yi tafiya, ku yi hattara da wata damfara da na faɗa cikinta a kasuwar Pisac, kimanin kilomita 30 daga birnin Kusko.

Alpaka dabba ce 'yar dangin raƙumi da ake kiwo a tsaunukan Andes, da gashinta ake saƙa mayafi da rigar sanyi. Mafi laushinsa shi ake kira "baby alpaca", kuma ba lallai daga jaririyar dabba aka aske shi ba, suna ne na darajar sirantar zaren. Wani mai shago ya tare ni da fara'a, ya ce mayafan da yake sayarwa tsohuwarsa ce ta saƙa a ƙauye, ya nuna mini tambarin da ke cewa "baby alpaca" ne ɗari bisa ɗari. Na biya kuɗin mayafi uku ina ta murnar na yi arha. Ni da nake taƙamar ba a taɓa sayar mini da jabun shadda a Kantin Kwari ba!

Sai da na je Chinchero, wani garin masaƙa kusa da Kusko, wata masaƙiya ta shafa ɗaya ta yi dariya. Ta zaro ɗan zare ta kunna masa ashana, nan take ya narke ya dunƙule baƙi ƙirin kamar ledar da aka ƙona. Zaren roba ne na inji. Ulun gaske warin babbakakken gashi yake yi, ya zama toka mai murmushewa a yatsa. Ta kuma nuna mini cewa na gaske yana da ɗan nauyi, kuma sanyi za ka ji idan ka ɗora tafin hannu, shi kuwa jabun ɗumi ne da sheƙi.

Mai shagon nan har wata tukunyar yumɓu ya fito mini da ita daga ƙasan tebur, wai daga kabarin zamanin tsohuwar daular Inka aka tono ta. Allah ya taimake ni ban saya ba. In jabu ce kuɗinka ya tafi, in ta gaske ce dokar Peru ta hana fitar da kayan tarihi, a filin jirgin Lima za a ƙwace ta, kai kuma ka shiga uku.

Wanda ke son na ƙwarai ya je wajen masaƙan da kansu, ko cibiyar saƙar gargajiya ta Kusko da Nilda Callañaupa ta kafa a 1996. Shi kuwa mai shagon can, ba ya ba da rasit, kuma da ka ce za ka ja zare ka gwada sai ya fara naɗe kayansa.