Manhajar Gasar Masters da Yadda Ta Sauya Mini Kallon Gwanayen Golf

Duk wanda ya daɗe yana bin wasan golf a talabijin ya san cewa abin da ke zuwa masa a allo zaɓin wani ne. Filin wasa yana da ramuka 18, 'yan wasa kusan casa'in suna warwatse a cikinsa a lokaci guda, amma hoto ɗaya kaɗai ke iya fitowa, don haka mai sarrafa hotuna shi ke yanke hukuncin wanda za a gani da wanda za a bari a duhu. Sau da yawa za a nuna maka gwaninka yana jefa ƙwallo a rami na bakwai, sai ya ɓace maka na tsawon minti arba'in, kana dawowa ka tarar ya yi asarar bugu biyu (a golf mai ƙarancin bugu ne ke nasara) ba tare da ka san ta inda matsalar ta ɓullo ba. Wannan ƙishirwar ce manhajar gasar Masters ta zo ta kashe, kuma bayan na yi amfani da ita a gasa bayan gasa, ina ganin ta cancanci a yi mata sharhi na adalci.

Gasar Masters ɗaya ce daga cikin manyan gasanni huɗu na golf na maza, kuma ita kaɗai ce ba ta sauya fili. Tun 1934 ake yin ta a kulob ɗin Augusta National da ke jihar Jojiya ta Amurka, wanda Bobby Jones da Clifford Roberts suka kafa, galibi a cikin watan Afrilu, sai dai a 2020 annobar korona ta tura ta zuwa Nuwamba. Kulob ne da ya yi suna wajen riƙo da al'ada: ba a shiga filin da wayar hannu, tashar CBS ce ke nuna gasar tun 1956, kuma tallace-tallace ba sa wuce kimanin minti huɗu a kowace sa'a. Abin da ke ba ni mamaki har yanzu shi ne, kulob ɗin da ya hana 'yan kallo ɗaukar waya a harabarsa shi ne ya samar wa masu kallo daga nesa manhajar da, a ganina, babu kamarta a duk fagen wasanni. Kyauta ake sauke ta, kuma abin da ke cikinta yana nan a shafin gasar na intanet ga wanda ya fi son kallo a kwamfuta.

Ginshiƙin manhajar shi ne tsarin da aka ƙaddamar a 2019 tare da haɗin gwiwar kamfanin IBM, wanda ke ɗaukar kowane bugu na kowane ɗan wasa a kowane rami, ya sanya shi a gabanka cikin 'yan mintuna. Bugu fiye da 20,000 ke nan a mako guda. Za ka buɗe jadawalin maki, ka taɓa sunan ɗan wasa, ka taɓa lambar rami, sai ga taswirar ramin da layin da ƙwallo ta bi, da nisan da ta yi, da nisan da ya rage, a gefe kuma ga bidiyon bugun. Akwai wani sashe da ke ba ka damar zaɓar 'yan wasan da kake so, manhajar ta riƙa jera maka bugunsu ɗaya bayan ɗaya kamar tasha ce aka buɗe dominka. Ban da wannan akwai tashoshi na kai tsaye da aka keɓe wa wasu ramuka, kuma wadda ta fi daraja a cikinsu ita ce ta kusurwar da ake kira Amen Corner, wato rami na 11 da na 12 da na 13.

A rami na 12 ne na fara fahimtar amfanin wannan hidima. Rami ne gajere, yadi 155 kacal, bugu uku aka ƙayyade masa, amma akwai rafi a gabansa, shimfiɗar ciyawar da ke kewaye da ramin siririya ce, iska kuma tana juyawa a tsakanin itatuwa ba tare da gargaɗi ba. A nan Jordan Spieth ya jefa ƙwallo biyu a ruwa a 2016, ya yi bugu bakwai, gasar da take hannunsa ta koma wurin Danny Willett. A ranar ƙarshe ta 2019, Brooks Koepka da Ian Poulter sun faɗa ruwan, sannan Francesco Molinari, wanda yake kan gaba da bugu biyu, ya bi su, Tony Finau ma haka. Tiger Woods yana rukuni ɗaya da Molinari da Finau. Idan ka jera bugunsu a manhaja, ka kalle su ɗaya bayan ɗaya tare da layin da kowace ƙwallo ta bi, za ka ga sauran sun nufi ɓangaren dama inda tuta take, shi kuwa Woods ko kallon tutar bai yi ba: ya aika ƙwallonsa can hagu, tsakiyar shimfiɗar, nesa da rami, ya gangara ta sau biyu ya wuce abinsa. Bugun ba shi da wani armashi, kuma da wuya a saka shi a jerin bugu masu ƙayatarwa, amma a ra'ayina da shi ya ci gasar. Ya ƙare da ratar bugu ɗaya, ya sa koriyar kwat ɗin da ake ba zakaran gasar a karo na biyar, shekara biyu bayan tiyatar da aka yi masa a ƙashin baya.

Ni mai ƙaunar Woods ne tun tuni, kuma ba na ɓoye hakan. Mutumin da ya ci wannan gasa a 1997 yana da shekara 21, da ratar bugu 12, a filin da sai a 1975 baƙar fata na farko, Lee Elder, ya sami damar shiga gasar, ya yi abin da ya wuce wasa. Duk da haka, idan ana muhawarar wanda ya fi kowa, ina ba Jack Nicklaus haƙƙinsa, domin manyan kofunansa 18 sun fi 15 na Woods, kuma koriyar kwat shida ta fi biyar. Wanda yake son ya auna su da idonsa zai iya, saboda tashar gasar a YouTube tana ɗauke da cikakkun shirye-shiryen ranar ƙarshe tun daga 1968, har da na 1986 lokacin da Nicklaus ya yi nasara yana da shekara 46. Gani ya kori ji, kuma na fi ganin ƙimar Nicklaus bayan na kalli waɗannan sa'o'i da kaina.

Wanda manhajar ta fi sauya mini ra'ayi a kansa shi ne Scottie Scheffler. Da farko ban ɗauke shi a bakin komai ba, domin ba ya da kwarjinin da ke cika allo, ba ya yawan nuna murna ko fushi, ƙafafunsa kuma suna zamewa a lokacin bugu ta yadda mai koyar da wasa zai iya cewa kuskure ne. Sai da na zauna na bi zagayensa na 2024 bugu bayan bugu, tun daga ramin farko har na ƙarshe, na ga inda ƙarfinsa yake. Kusan duk lokacin da ya kuskure, ƙwallonsa tana faɗawa ɓangaren da ake iya gyarawa, kuma da wuya ka ga kuskure ɗaya ya haifa masa na biyu. A filin Augusta, inda shimfiɗun ciyawa suke da gangara da santsi, tsayar da ƙwallo ƙasa da rami maimakon samansa yana iya zama bambancin bugu guda, shi kuwa yana yin haka rami bayan rami. Ya ci gasar da ratar bugu huɗu a kan Ludvig Åberg na Suwidin, nasararsa ta biyu bayan ta 2022. Talabijin tana nuna bugun da ke sa 'yan kallo ihu, manhaja kuwa tana nuna maka bugu sittin da ke tsakaninsu, kuma a cikin waɗannan sittin ɗin Scheffler ya yi wa tsararrakinsa nisa.

Rory McIlroy na Ireland ta Arewa kishiyarsa ne ta kowace fuska, kuma shi ya sa bin sa yake da wahala ga zuciyar masoyi. A 2011 ya shiga ranar ƙarshe yana gaba da bugu huɗu, ya yi bugu 80, Charl Schwartzel na Afirka ta Kudu ya ɗauke kofin. Daga 2014 bai sake cin babbar gasa ba har tsawon shekara goma sha ɗaya, kuma kowane Afrilu sai an tuna masa cewa Masters ce kaɗai ta rage masa. Zagayensa na ƙarshe a 2025 na sake kallonsa a manhaja fiye da sau ɗaya, kuma har yanzu yana tsinka mini zuciya. Ya yi asarar bugu biyu a ramin farko, ya farfaɗo ya ba da rata, sannan a rami na 13 ya zaɓi hanyar taka-tsantsan, ya ajiye ƙwallo a gaban rafi, ya rage masa bugun da bai kai yadi 100 ba, irin wanda ya yi sau dubbai, sai ya tura ta cikin ruwa. Ramuka biyu bayan haka, a na 15, itatuwa sun tare masa hanya, ya lanƙwasa ƙwallon daga dama zuwa hagu ta kewaye su, ta tsallake tafki ta tsaya 'yan taku kaɗan daga rami. A taswirar manhaja layin wannan bugu yana lanƙwasa kamar lauje, kuma sai ka gan shi daga sama za ka gane yawan kasadar da ya yi. Ya kuskure gajeren bugun da zai ba shi nasara a rami na 18, aka je bugun raba gardama da Justin Rose na Ingila, ya yi nasara a ramin farko na raba gardamar, ya durƙusa ya kifa kai a ciyawa yana kuka. Da haka ya zama mutum na shida da ya haɗa manyan kofuna huɗu, bayan Gene Sarazen da Ben Hogan da Gary Player da Nicklaus da Woods.

Akwai kuma wani dalili da ya ƙara wa wannan mako daraja a 'yan shekarun nan. Tun da gasar LIV ta fara a Yunin 2022 da kuɗin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, gwanayen wasan suka rabu gida biyu, Phil Mickelson da Koepka da Dustin Johnson da Bryson DeChambeau suka bar jerin gasannin PGA na Amurka suka koma LIV, Jon Rahm na Sifaniya ya bi su a ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan ya ci Masters. Ba na zargin kowa da neman abin da zai amfane shi, amma mai kallo ne ya yi asara, domin tun daga lokacin galibi sai a manyan gasanni ake ganin gwanayen ɓangarorin biyu a fili ɗaya. A 2023 na sa Mickelson a jerin waɗanda nake bi, na kalli yadda ya yi bugu 65 a ranar ƙarshe yana da shekara 52, ya ƙare a matsayi na biyu tare da Koepka, alhali ya fara ranar nesa da rukunin da kyamarori suka fi mayar da hankali a kai.

Manhajar tana da naƙasu, kuma bai kamata a rufe ido a kansu ba. Na farko shi ne sharhin da na'ura ke yi a kan bidiyon bugu, wanda aka shigo da shi a 2023. Yana faɗin nisa da lambar rami daidai, amma ba ya jin nauyin lokaci, don haka muryarsa ɗaya ce a bugun safiyar Alhamis da bugun da zai yanke hukuncin gasa a yammacin Lahadi. Na fi son a bar ni da ƙarar sanda da kukan tsuntsaye da gunagunin 'yan kallo, kuma haka nake kallo. Na biyu, tashoshin kai tsaye sun dogara da ƙasar da mutum yake, saboda yarjejeniyar haƙƙin nuna wasa, don haka abin da mai kallo a Amurka yake samu ba lallai ne na wata ƙasa ya same shi cikakke ba. Na uku, an gina manhajar a kan jadawalin maki, saboda haka wanda ya makara yana son ya kalli zagaye ba tare da ya san sakamako ba zai sha wahala, domin lambobi ne ke fara tarbarsa. Bidiyo kuma yana cin data sosai, musamman ga mai buɗe tashoshi fiye da ɗaya.

Ga wanda bai taɓa kallon golf ba, ba zan ce ya fara da manhajar ba, domin yawan zaɓi zai ruɗa shi, kuma shirin talabijin ya fi iya ba da labarin rana daga farko zuwa ƙarshe. Amfaninta yana ga wanda ya riga ya kamu da son wasan, wanda yake da ɗan wasan da yake bi ko da yana matsayi na arba'in. Shawarata gare shi ita ce ya bar talabijin a kunne, ya buɗe tashar Amen Corner a kwamfuta, ya zaɓi 'yan wasa uku ko huɗu kawai a wayarsa, sannan da daddare ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya bi zagayensa gaba ɗaya, har da bugun da ya faɗa yashi da wanda ya shige daji.