Zoben Silikon ko Faifai Mai Huji?

Ana son haske ya kunna wani hasken ko ya kashe shi, ba ruwan lantarki. A 2004, masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun yi hakan da ɗan zoben silikon (sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi) da haske ke kewayawa a ciki, da kuzarin fikojul 25 (fikojul ɗaya bisa tiriliyan ne na jul, ma'aunin kuzari). A 2010, kamfanin NTT na Japan ya yi hakan ta hanyar tsare hasken a mitsitsin gurbi cikin faifai mai jerin huji, kuzarin bai kai femtojul ɗaya (ɗaya bisa dubu na fikojul) ba. Ƙanƙantar gurbin ce ke tattara haske wuri guda, shi ya sa kuzari kaɗan ya isa.

Amma ni zoben ya fi kwanta mini a rai, domin masana'antun silikon sun saba ƙera irinsa. Hujin kuwa, kuskuren 'yan nanomita (nanomita ɗaya bisa biliyan ce ta mita) wajen huda shi ya isa ya sauya launin hasken da gurbin ke karɓa.