Abin da ya kamata ka saya idan hoton ƙaramin jirgin ƙasa kake so

Mai son shimfiɗa dogo a ɗaki ya riƙa kallon ƙaramin jirgi yana zagayawa, da mai son gina ɗan fili na kwaikwayo ya ajiye jirgi a kai ya ɗauki hoto kamar na gaske, ba kasuwa ɗaya za su ci ba. Wannan bayani na mutum na biyun ne. Shi ba ya buƙatar na'urar sarrafa gudu, ba ya buƙatar dogo mai zagaye, ba ya ma buƙatar wutar lantarki, wanda a Sakkwato ba ƙaramin sauƙi ba ne. Saboda haka akwatin nan da ake sayarwa a haɗe, mai kan jirgi da taragu da dogo da taransifoma, rabin kuɗinsa asara ne gare shi.

Abu na farko da za a yanke shawara a kansa shi ne ma'auni, domin duk abin da za ka saya daga baya shi zai bi. Guda huɗu ne za ka fi cin karo da su. HO yana nufin an rage jirgin gaske sau 87, faɗin dogonsa milimita 16.5. OO na Ingila sau 76 ne, amma a kan wannan dogon na 16.5 yake hawa. N sau 160 ne a Amurka da yawancin Turai, 150 a Japan, 148 a Ingila, duk a dogo mai milimita 9. Sai Z, sau 220, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972. Shi Z ka bar wa masu kaifin ido da yawan haƙuri.

Gardamar gaske tsakanin HO da N take. Masu N za su ce maka ba ya cin wuri, kuma gaskiyarsu ce: kan jirgi mai tsawon mita 17 yakan dawo kusan santimita 11, a HO kuwa kusan 20. Jiragen N na Kato da Tomix na Japan kuma aikinsu tsaf yake. Amma kyamara ba ta yi wa N adalci. Mutum a N bai wuce milimita 11 ba, sai ka kawo waya dab da shi kafin ya cika hoto, da zarar ka matso haka kuwa hancin jirgi zai fito tas, tarago na biyu ya dushe. Dushewar nan ita ke tona asiri, kowa ya gani ya san abin wasa ne. Ƙari a kan haka, ƙwayar ƙura ɗaya a rufin jirgin N sai ta fito kamar tsakuwa, mu kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu mun san abin da iska ke kawo mana. A HO mutum ya kai kusan santimita 2, ana ganin marikin ƙofa da fitila da rubutun jikin tarago, hannu kuma yana iya shiga da burushi. Ni HO zan ce ka saya, sai dai in OO ka samu da araha daga wani ɗan'uwa mai dawowa daga Ingila, shi ma ba laifi, kamfanonin Hornby da Bachmann sun cika shi da kaya. Kada dai ka gwama su a hoto ɗaya, ma'auninsu ba ɗaya ba ne.

Akwai wani batu ga mai son ya kwaikwayi dogon gida. Jirgi bai taɓa shigowa birnin Sakkwato ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya ne a Ƙaura Namoda a 1929, kuma har zuwa 1996 da aka cire Zamfara, nan ne ƙarshen dogon jiharmu. Wannan tsohon layi faɗinsa milimita 1,067, dogon HO na yau da kullum kuwa yana wakiltar 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Mai tsananin bin ƙa'ida zai nemi dogo mai milimita 12 da ake kira HOm, wanda ya fi kusa da namu. Yana da tsada, jiragen da ke hawansa kuma akasari na Suwizalan ne. A ganina wahalar banza ce: hoton da aka ɗauka daga gefe, a ƙasa-ƙasa, ba ya nuna faɗin dogo. Ka sayi kan jirgin dizal ƙirar Amurka, irin na kamfanin GE ko EMD, ka yi masa fenti kore da rawaya, ya isa mai kallo ya tuna tashar Gusau.

A nan ne ya kamata kuɗinka ya zauna, wato a kan jirgin. Na roba mai batir da ake sayarwa a shagunan kayan yara ba shi da ma'auni tsayayye, ga ƙyalli, ga ƙafafu manya, ba ya hotuwa. Tsakanin sabo da na hannu, na hannu ya fi maka. A kasuwar intanet ta eBay ana yawan sa waɗanda injinsu ya mutu a farashi mai sauƙi, kai kuma ba gudu kake nema ba. Ka dai nemi hoton kowane gefe kafin ka biya, ka duba marikai da tsani da gilashi, su ne ke karyewa. Ka kuma lissafa kuɗin aikowa tun farko, wani lokaci yakan kai kuɗin kayan.

Dogo iri biyu za mu duba. Akwai mai haɗe da tsakuwar roba a jiki, irin Unitrack na Kato, mai saurin haɗawa amma a hoto roba ce ƙarara. Akwai kuma mai lanƙwasuwa, irin na Peco ko Atlas, sanda guda kusan santimita 91. Shi za ka saya, guda ɗaya ya wadatar. Za ka ga an rubuta lamba 100, ko 83, ko 75. Tsayin ƙarfen ke nan, ƙaramar lamba ta fi kama da gaske. Amma in jirginka tsoho ne mai bakin ƙafa mai zurfi, tsaya a 100, in ba haka ba ƙafar za ta riƙa taka katakan ƙarƙashi.

Gindin fili kuwa kafinta zai yanka maka filawud santimita 90 da 40, ya buga masa firam a ƙasa don kada ya banƙare idan damina ta biyo bayan zafin Afrilu. A kansa ka shimfiɗa farin kumfan nan da ake kunshe firij da talabijin, ka sassaƙa tudu da kwari, ka shafe da garin POP na masu silin. Farin gam na kafintoci, irin Top Bond, shi ne abokin aiki. Gam mai warin fetur da fentin gwangwani na fesawa suna cinye kumfa nan take. Dogon kuma ka ɗan karkata shi, kada ya bi bakin katako sak.

Kayan ado na Woodland Scenics da Noch suna da kyau, amma korayen ciyawar Turai da itatuwanta ba su yi kama da hanyar Talata Mafara ba. Abin da kake nema yana ƙarƙashin takalminka. Ɗebo jar ƙasa da yashin gulbin Rima, ka shanya su bushe ƙarau, ka tankaɗe da rariya: mai laushi ya zama ƙasa, mai ɗan kaushi ya zama tsakuwar dogo. Ka ja maganaɗisu a ciki ya kwashe ɓurɓushin ƙarfe, musamman in jirginka mai inji ne. Zuba mai kaushin tsakanin katakan dogon da cokalin shayi, ka share da burushi har saman kowane katako ya fito, ka fesa ruwa mai ɗigon sabulu, sannan ka ɗiga gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi da sirinji. Kwana ɗaya ya daskare. Igiyar rama da aka tsefe aka yayyanka tana ba da busasshiyar ciyawar kaka, saiwar ƙaramin tsiro kuma in aka kifa ta sai ta zama kuka marar ganye. Kukar mita 15 santimita 17 ce a HO, kada ka ji tsoron ta fi jirgi tsayi. Abin da zan yarda ka yi oda shi ne mutane da shanu na HO marasa fenti, suna da araha a AliExpress, ka yi musu riga da hula da kanka.

Hoton bango da ake bugawa a manna a baya ma ba dole ba ne. Ɗauki katakon ka fita da shi wajen gari, ta Kwalkwalawa misali, ka ɗora a kan tebur bayan la'asar, fadama da sararin sama na gaske su zama bango. Ka juya wayar kai ƙasa, idon kyamara ya sauka daidai tsayin mutumin santimita 2. Mai babbar kyamara ya tsuke ƙofar haskenta zuwa f/16 ya kafa ta a kan ƙafar kyamara. Kada ka bar jirgin a rana ko cikin mota a rufe, robar tana lanƙwashewa. Masu aikin gilashi da alminiyam za su haɗa maka murfi daidai girman katakon, ka auna tsayin kukar kafin ka je wurinsu.