Hattara da mai cewa ita aljana ce a TikTok, ta cinye min koin 34,999

Jama'a tun shekaranjiya ban runtsa ba, baƙin ciki da kunya sun hana ni. Koin 34,999 na tura wa wata da ke shiga laif da tsakar dare tana cewa ita aljana ce, wai ta shigo cikin bil'adama neman suna, sai ta tara mabiya kafin a mayar da ita, kuma duk wanda ya taimake ta ba za ta manta da shi ba. 34,999 fa.

Kuma kada wani ya zo yana ce min ai wauta ce. Na yi sati biyu ina kallon ta ban tura ko Rose ɗaya ba, Rose ɗin da kyautar TikTok ce ta koin 1 kacal. Ɗakin duhu, kyandir ɗaya a gefe, idanun nan fari fat, murya kamar mutum biyu ke magana lokaci guda. Duk wannan bai ja ni ba. Abin da ya karya ni daren da ta tsaya cak ta kira sunana, ta ce "ke mai ciwon uwa, mahaifiyarki ba za ta kai azumi a kwance ba." Jikina ya ɗau rawa, waya ta kusa faɗuwa. Ina ta san Mama ba lafiya? Har yanzu ina jin yadda ta ja sunan nawa a kunnena.

Ashe ni da kaina na taɓa ɗora bidiyo ina roƙon a sa Mama a addu'a, ƙanwata ce ta tuna min daga baya. Shafina kawai ta leƙa.

Kyautar Lion na tura a ƙarshe, koin 29,999. A'a, kafin nan akwai Galaxy biyar, kowanne 1,000, uku a daren da ta kira sunana, biyu washegari da ta ce sarkinsu bai karɓa ba. Kuɗin maganin Mama ne wallahi, da shi na sayi koin ɗin. Ina tura Lion ta ce in jira kwana uku, a na biyu ta yi bulokin ɗina. Da wayar ƙanwata na duba, an canja sunan akawun ɗin, an goge bidiyon duka, mabiyan nan da muka tara mata yanzu tallan kaya ake musu. Idanun filta ne, muryar ma manhaja ce ke canja ta.

Abin da ya fi ci min rai, na sani. Na karanta Suratu Saba'i, aya ta 14, Annabi Sulaimanu ya rasu a dogare da sandarsa aljanu na ta wahalar aiki ba su sani ba sai da gara ta ci sandar. Ba su san gaibu ba. Na san hadisin mai zuwa wurin boka da sallar kwana 40. Amma da aka ambaci uwata komai ya fita daga kaina. Astagfirullah, Allah Ka yafe min.

Ina da sikirinshot na kowace kyauta da lokacinta, da tsohon sunan da sabon, zan ɗora su in na samu natsuwa. Kada ku tura mata ko Rose, ku kai ƙarar akawun ɗin. Ita kuwa ni da ita sai gaban Allah, 34,999 ɗina ban yafe ba.