Sharhi kan kayan mayaƙin masarautar ƙage, daga lifidi zuwa garkuwa

Kayan da zan yi magana a kansu an ɗinka su ne domin wasan kwaikwayo na wata masarauta da babu ita a duniya, irin mai dodanni da aljanu da mahaya masu tsaron ganuwa. Wata ƙungiyar teloli da dukawa a cikin birnin Kano ce ta haɗa su bisa zanen da aka ba ta. Saitin ya ƙunshi rigar lifidi, sulke, kwalkwali, rigar layu, takobin katako da kubensa, sai garkuwa. Na sa su a jikina ina ƙasa, na hau doki da su, an kuma yi artabun wasa a cikinsu. Abin da na gani shi ne, duk inda masu ɗinkin suka bi hikimar kayan yaƙin da, aikin ya yi kyau ƙwarai. Inda suka bi zane ido rufe kuwa, nan ne matsala ta fito.

Lifidin shi ne zuciyar saitin, kuma shi ya fi cin aiki. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke fagen fama, har yau kuma 'yan lifidi na fitowa a hawan sallah. Saboda haka ba baƙon abu aka nema wurin masu ɗinkin ba, kuma an ga alamar sanin hannu. Sun yi bayan rigar da saƙi mai kauri, cikinta da farin yadi na auduga zalla, suka tsaga layukan ɗinki daga kafaɗa zuwa ƙugu, faɗin kowane layi kamar santimita 4, suka cusa audugar rimi har kaurin ya kai santimita 2. Zaɓen audugar rimi daidai ne. Ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa kamar audugar gona, don haka gumi ba ya mayar da rigar jibgegiya. A awo, rigar duka ba ta kai kilo 3 ba, kuma dukan takobin katako a haƙarƙari sai dai a ji ƙararsa.

Sai dai audugar rimi tana da santsi, ba ta riƙe juna. A gaban rigar sun datse kowane layi da ɗinkin gicciye bayan kowane taƙi ɗaya, audugar ta zauna a ɗakinta. A baya ba su yi haka ba, suka bar layukan a miƙe tun daga wuya har ƙasa. Da aka fara sukuwa sai audugar ta riƙa zurarewa, ta taru a ƙugu, tsakanin kafaɗu ya koma yadi biyu kawai. Gyaransa ba wuya amma yana cin lokaci: a shimfiɗa rigar a tabarma, a tura audugar sama da tafin hannu layi-layi, a datse da basilla da zare mai ƙarfi, ninki biyu. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya faɗa wa tela tun farko cewa ɗinkin gicciye ya zagaye rigar gaba da baya.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne kafaɗun. Zanen ya nuna mayaƙi mai kafaɗu tsaye masu tsini, sai suka cusa soson katifa a ciki don su tashi. Soso ba ya barin iska ta wuce, a zafin bazara wurin nan ne ke fara jiƙewa, ga shi yana tokare wuya idan aka ɗaga hannu. Hammatar ma an ɗinke ta a matse kamar ta kaftani. Mai jifa da mashi yana buƙatar hannunsa ya wuce kansa ba tare da rigar ta bi shi sama ba. An farke ɗinkin hammatar, aka sa ƙyalle mai kusurwa huɗu, santimita 12 kowane gefe, ba tare da cusa ba, sannan hannu ya saki. Soson kuma aka cire, aka maye gurbinsa da fata ninki biyu da aka ɗaure ta waje da igiya, yadda za a iya kwance ta in an gama ɗaukar wurin da ake son ganinta.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: audugar rimi tana kama wuta nan take. Tun a zamanin yaƙi wuta ce babbar abokiyar gabar mai lifidi. Irin waɗannan wasanni kuwa ba sa rabuwa da kunna wuta da gobarar gari, don haka kada mai sanye da rigar nan ya kusanci wutar gaske, kuma a ajiye bokitin ruwa kusa.

Sulken na alminiyon ne, faɗin kowane zobe milimita 10, kowane ɗaya ya ratsa huɗu kamar yadda aka saba saƙa shi. Nauyinsa kusan kilo 4, na ƙarfe mai girmansa kuwa yakan haura kilo 10, don haka ga ɗan wasa wannan sauƙi ne babba. Daga nesa ba a bambanta shi da na gaske. Illarsa biyu. Bakin zobban an haɗa su ne kawai, ba a ɗaure su da ƙusa ba, shi ya sa suke buɗewa a hammata da inda hamila, wato maratayin takobi, ke goga. Ana gyarawa da filaya biyu, a murɗa bakin zoben gefe, a saƙala, a murɗo shi ya koma. Kada a ja shi waje a buɗe, don ba zai sake komawa da'ira ba. A nemi ƙarin zobba kamar 100 tun wajen saye. Illa ta biyu, alminiyon yana barin baƙi a jikin yadi, saƙin lifidin ya yi duhu a ƙirji da kafaɗu. A da, 'yan sulke daban, 'yan lifidi daban, a wannan labari ne aka haɗa su jiki guda, to a sa siririyar baƙar riga a tsakani. Kuma lallai a ɗaure ɗamara a kan sulken, a ɗan jawo shi sama ya zubo kan ɗamarar, don ƙugu ya raba nauyin da kafaɗu.

Kwalkwalin an yi shi da falle na kwano a kan hula mai cusa, da gashin jimina a ƙololuwa. Cusar ciki ta yi kyau, ba ta cin goshi. Ƙahonin da zanen ya ɗora masa ne suka lalata shi, domin ƙahon saniya na gaske aka sa, ya rinjayi kwalkwalin gaba, duk sunkuyawa sai ya rufe ido. Igiyar haɓa ɗaya ba ta isa ba. A canza ƙahon da na itace mara nauyi, a raba igiyar biyu a kowane gefe, ɗaya ta gaban kunne ɗaya ta baya, su haɗu ƙarƙashin haɓa.

Rigar layun ita ce ta fi komai kyau a ido. Jar fatar akuya ce, an yi mata zanen baƙi da kuloko, ɗinkin bakin kowace laya a jere ba karkata. Na yaba musu ƙwarai da suka cusa kwali a cikin layun maimakon rubutu, domin kayan wasa ana jefar da su a ƙasa, ana shiga ko'ina da su. Kuskurensu shi ne layun jeren ƙasa, da suka liƙa da gam maimakon ɗinki. Gam ba ya jure zafi da gumi a kan fata, suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowace laya tana son ɗinki a kusurwa huɗu. Jan launin ma yana zuba idan ya jiƙe, kada a sa rigar a kan farin kaya kafin a goge fatar da busasshen tsumma a shafa mata man kaɗanya kaɗan.

Takobin ba laifi, kubensa ma ya kama shi daidai. Amma sun rataya shi a bel ɗin ƙugu irin na finafinan Turawa, a kan sirdi sai ya riƙa dukan cinya yana tokarar doki. Bahaushe a kafaɗa yake rataya takobi da hamila, ya zauna ƙarƙashin hannun hagu. Da aka mayar da shi haka, zarewa ta yi sauƙi, kamannin mayaƙin ma suka fi dacewa da sauran kayan.

Garkuwa mai daraja a da ta fatar warwaji ce, wata dabbar daji dangin barewa mai dogayen ƙahoni. Wannan dabba an ayyana ta ƙare a daji a shekarar 2000, sai a 2016 aka fara mayar da ita ƙasar Cadi, saboda haka fatar saniya a kan filawud da suka yi amfani da ita ita ce hanyar da ta dace. Sai dai gefe ɗaya kawai suka lulluɓe, fatar ta bushe ta ja katakon ya lanƙwashe. A lulluɓe gaba da baya, ko a zagaye bakin da ƙarfe siriri. Bayan mariƙin kuma babu matashi, duka ɗaya mai ƙarfi sai gaɓoɓin yatsu su ji jiki. Tsumma ninki huɗu a ƙarƙashin fata ya wadatar.

Wajen ajiya, ba a wanke lifidi da ruwa. A juya cikinsa waje a shanya a rana, a kakkaɓe shi. Kayan fata a inuwa ake shanya su, kuma kada a ƙulle su a leda da damina, za su yi fumfuna. Sulken a naɗe shi a buhun yadi shi kaɗai.

Zan sake ba waɗannan masu ɗinki aiki, domin hannunsu a lifidi da fata ya nuna. Amma kafin su yanka yadi, a zauna da su a kan zanen, a ware abin ado da abin da jiki zai ɗauka, a kuma gwada rigar a kan sirdi tun tana ɗinkin wucin gadi.